Babu Gurbin "Wai"

Lisandro, jikana, shi ya saka mini manhajar
wata Lahadi, bayan mun ci taliya.
Ya ce, Kaka Nélida, nan suna, nan shekarar haihuwa,
nan ta rasuwa, ki danna, reshe ya tsiro.
Ya sumbaci goshina, ya tafi kallon ƙwallo.

Wata bakwai ke nan.
Mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun hau bishiya,
kowa a ɗan ɗakinsa mai kusurwa huɗu,
ba mai tari, ba mai gori, ba mai bin wani bashi.
Da ransu ba su taɓa zaman lafiya haka ba.

Amma zo ka ga teburin cin abincina.
Kwalin takalmi uku, gwangwanin biskit guda,
da ambulan da na rubuta wa "saura"
har ya yi ciki ya fashe.

Ga rasit na keken ɗinki, biya goma sha shida,
an yi sha huɗu, sai shiru.
Wane reshe zan rataya shirun?

Ga bayan tikitin bas, da hannuna:
Gwaggo Teodolinda ta ce wai
Kaka Ermacora ya bar wata mata a Udine
kafin ya hau jirgin ruwa.
Wai.
Na duba manhajar sama da ƙasa,
akwai gurbin aure, akwai na saki,
babu gurbin wai.
Alhali rabin danginmu a kan wai suka ƙetaro teku.

Sunanmu ma uku ne.
Zanuttini a littafin coci,
Sanutini a hannun malamin tashar Buenos Aires,
Zanutin a kan dutsen kabari nan Rosario,
don mai sassaƙa kuɗin harafi yake karɓa,
kakata kuwa ba ta wasa da kuɗi.

Akwai jaririyar da ta yi kwana tara.
Ba a kai ga yi mata suna ba.
Allo ya yi ja, ya ce sai da suna.
Na daɗe ina kallonsa, shayina ya huce,
sannan na rubuta: Kwana Tara.
Ya karɓa.

Na jera takardun bisa sunan gida,
mata suka sulale gidajen mazajensu.
Na jera bisa shekara,
rabi ba su san ranar da aka rubuta su ba.
Na jera bisa gari,
Ermacora ya bayyana a gari uku, damina ɗaya.
Mutumin da in zai yi ƙarya sai ya fara fito,
wannan ma yana rubuce, a jikin kwalin ashana.

Daga baya na haƙura da dabara.
Na ba kowace takarda lamba da jan biro,
har wadda maiƙo ya cinye rabinta,
na koma ɗan akwatin bayani a ƙasan kowane suna
na rubuta: duba 47, duba 112.
Shi ke nan.
Ranar da na shiga nawa ɗakin mai kusurwa huɗu,
Lisandro zai danna, ya ga lamba,
dole ya tako da ƙafarsa,
ya buɗe gwangwani, kafur ya buge shi.

Saura hoto ɗaya.
Wani dogo a bakin kogin Paraná,
riƙe da kifi tsawon hannunsa, yana dariya.
Na tambayi duk mai sauran numfashi,
ba wanda ya san shi.
Kunnuwansa dai irin namu ne.

Ban ba shi lamba ba.
Na manna shi a ƙofar firji,
inda zai riƙa ganin abin da muke ci.